Sukur, Masarautar Duwatsu a Tsaunukan Mandara

Idan ana zancen tarihin Adamawa a Yola ko Jimeta, yawanci akan faro daga Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841. Amma can arewacin jihar, a kan tsaunukan Mandara cikin ƙaramar hukumar Madagali, akwai masarautar da ta girmi Yola, wato Sukur.

Masana suna kai asalin gidan sarautar Sukur, wato Dur, zuwa ƙarni na 17. Hidi ake kiran sarkinsu, fadarsa kuwa da duwatsu aka gina katangunta, an jera su ɗaya bisa ɗaya ba tare da laka ba. Haka mutanen suka gyara gangaren tsauni hawa-hawa, suka tare ƙasa da jerin duwatsu don kada ruwan damina ya share gonakinsu, suka kuma shimfiɗa hanyar dutse daga gindin tsauni har fada.

Arzikin Sukur daga tama ya fito. Suna narka ta, fatake su hauro su sayi ƙarfe su kai ƙasashen Barno. Sunansu ya yi nisa har matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ji labarinsu a kan hanyarsa ta zuwa Yola a 1851.

A farkon ƙarni na 20, Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, ya yi ta kai musu farmakin kamun bayi, har Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Wajen 1960 narkar tama ta mutu, domin ƙarfen waje ya cika kasuwa. A 1999 UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya. A 2014 Boko Haram suka hau tsaunin suka ƙona gidaje.

A tsibirin Sardiniya na Bahar Rum ma akwai dubban hasumiyoyin dutse da aka gina ba laka fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sai dai duk sun zama kufai. Sukur kuwa har yau da Hidi a kan karaga, manoma na shuka dawa a gonakin kakanninsu, kuma idan katanga ta zube su ne ke ɗaga ta da hannunsu.