Jan Lantarki ko Yankan Nama: Tarihin Gardama Kan Horar da Kare

Ka taɓa lura cewa a Hausa kalmar "horo" tana da fuska biyu? In aka ce an yi wa yaro horo, to ya sha hukunci ke nan. In kuma aka ce an horar da sojoji, koya musu aiki aka yi. Wannan harshen damo shi ne ainihin gardamar da masu karnuka da masana halayyar dabbobi suka shafe sama da shekara ɗari suna yi a Turai da Amurka: shin kare ya fi koyo idan yana tsoron abin da zai same shi, ko kuwa idan yana kwaɗayin abin da zai samu?

A yau gardamar ta tattara ne a kan wata na'ura, wato abin wuya mai lantarki. Ƙaramin akwati ne da ake ɗaura wa kare a wuya, yana da ƙarafa biyu masu taɓa fata. Mai karen yana riƙe da rimot, in ya danna sai lantarki ya ɗan ja karen, ko da yana can nesa. Wasu ƙasashe sun haramta shi, a wasu kuma ana sayar da shi a kanti. Kafin ka yanke hukunci, mai karatu, zo mu bi sawun labarin tun daga tushe.

Zamanin sarƙa da igiya

Horar da kare a tsare, da littafi da ƙa'ida, ya bunƙasa sosai a aikin 'yan sanda da soja. A shekarar 1910 wani jami'in 'yan sandan Jamus mai suna Konrad Most ya wallafa littafin koyar da karnukan aiki. Most mutum ne mai lura, ya gane cewa dole sakamako ya zo daidai lokacin da kare ya aikata abu, in ba haka ba karen ba zai haɗa biyun ba. Amma jigon hanyarsa tilas ne: fizgar igiya, tsawa, da bulala in ta kama.

Yaƙe-yaƙen duniya guda biyu sun yaɗa wannan salo, domin an horar da dubban karnuka da masu riƙe su, kuma da aka gama yaƙi mutanen suka koma gida da abin da suka koya. Ɗaya daga cikinsu shi ne William Koehler na Amurka, wanda ya horar da karnukan soja, daga baya ya koma horar da karnukan fina-finan Disney. Littafinsa na 1962 ya yi kasuwa sosai, kuma a cikinsa sarƙar wuya mai shaƙewa ita ce babban makami.

Akwai kuma wata aƙida da ta ɗaure wa tilas gindi. A 1947 Rudolph Schenkel ya bayyana yadda kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel, a ƙasar Suwizalan, suke faɗa kan shugabanci. Daga nan aka ɗauka cewa kare, tunda jikan kyarkeci ne, kullum so yake ya hau kanka, don haka sai ka nuna masa kai ne babba. Masanin kyarketai David Mech ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970. Amma bayan ya shafe shekaru yana kallon kyarketai a daji, sai ya fito a 1999 ya gyara maganarsa. Garken kyarketai a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Faɗan da aka gani a Basel na baƙin juna ne da aka kulle wuri ɗaya. Gyaran ya zo, sai dai tsohuwar maganar ta riga ta yi nisa.

Abin da ke faruwa a ɗakin gwaji

A daidai wannan lokaci masana suna can suna nasu aikin. Ivan Pavlov na Rasha ya nuna cewa idan wani sauti ya saba zuwa kafin abinci, kare zai fara zubar da yawu da jin sautin kaɗai. Edward Thorndike kuma, a 1898, ya riƙa saka kyanwoyi a akwati yana auna yadda suke koyon buɗe ƙofa. Abin da ya fitar mai sauƙi ne: aikin da daɗi ya biyo bayansa ana maimaita shi, wanda wahala ta biyo bayansa ana barinsa.

B. F. Skinner ne ya faɗaɗa wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har tattabaru ya koya wa saran hoton abin hari da baki, da nufin su riƙa saita makami. Sojoji ba su yi amfani da shirin ba, amma ɗalibansa biyu, Keller da Marian Breland, sun ga kasuwa a ciki. Suka bar jami'a suka buɗe kamfanin horar da dabbobi, suka koya wa kaji da aladu da tsuntsaye wasanni iri-iri da abinci kawai. Dabararsu ita ce wani ɗan sauti, "ƙas", da ake yi daidai lokacin da dabba ta yi abin da ake so, sannan abinci ya biyo baya. Sautin yana gaya wa dabbar: wannan ɗin da ka yi yanzu, shi za a biya ka. Skinner da kansa ya bayyana dabarar ga jama'a a wata maƙala a 1951.

To me ya sa masu karnuka ba su karɓa nan take ba? Ai sarƙa tana yi musu aiki. Waɗanda suka rungumi dabarar da gaske su ne masu horar da dolfin, dabbar nan ta teku, don dole ce ta sa su. Ba ka iya saka wa dolfin igiya a wuya, in ka ɓata mata rai sai ta nutse ta bar ka a tsaye. Usur da bokitin kifi ne kaɗai kayan aikinka. Karen Pryor, wadda ta yi wannan aiki a Hawai a shekarun 1960, ta rubuta littafi a 1984 wanda ya kai dabarar ga masu karnuka. Likitan dabbobi Ian Dunbar shi ma ya fara azuzuwan koyar da 'yan kwikwiyo da abinci a farkon shekarun 1980. Zuwa shekarun 1990 horo da tukuici ya zama babbar makaranta mai zaman kanta.

Haihuwar abin wuya mai lantarki

Shi kuwa abin wuyan, mafarautan Amurka ne suka fara amfani da shi sosai a ƙarshen shekarun 1960. Matsalarsu a fili take. Kare ya yi nisa a daji, ya bar abin da aka fito nema ya bi barewa, ba igiyar da za ta kai gare shi. Na'urorin farko ba su da sassauci, jan mai ƙarfi ne. Daga baya aka ƙera masu matakai da yawa, har da masu girgiza ko ƙara kawai. Aka kuma samu wanda ke ja da kansa in kare ya yi haushi, da wanda ke ja in ya kusanci wayar da aka binne a iyakar gida.

Ga abin da ya kamata ka riƙe a nan. Abin wuyan da yankan naman duk a kan doka ɗaya suke tafiya, dokar nan ta Thorndike. Ɗaya yana koya wa kare yadda zai kauce wa abin da ba ya so, ɗayan yana koya masa yadda zai samu abin da yake so. Duka suna iya sauya hali. Don haka tambayar "yana aiki?" ba ta isa ba. Sai an ƙara da: me karen ya biya, kuma me zai faru in mai horon ya yi kuskure?

Wani gwaji mai ban tausayi ya riga ya ba da haske. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier, a Jami'ar Pennsylvania, suka riƙa jan wasu karnuka da lantarki ta yadda ba abin da za su yi su tsayar da shi. Da aka mayar da su inda tsallake ɗan shinge kawai zai cece su, yawancinsu ba su ko gwada ba, kwanciya suka yi suna kuka. Waɗanda tun farko aka ba su hanyar kashe lantarkin kuwa, nan da nan suka koyi tsallakewa. Ashe ba zafin kaɗai ke karya dabba ba, har da rashin sanin dalilinsa da rashin mafita.

Da aka zo aunawa

Bayan shekarar 2000 aka fara gwada na'urar kanta. A 2004 Schilder da van der Borg na ƙasar Holan suka lura da karnukan tsaro da ake horarwa da lantarki. Sun ga alamun tsoro, irin su sauke kunne, maƙale jela da lasar leɓe, kuma alamun ba su tsaya a filin horo ba. Kasancewar mai horon a kusa ma ta isa. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matsalar ita ce a nan tsumman kai ne, mai karen.

A 2007 Esther Schalke da abokan aikinta a Hanoba ta Jamus suka raba karnuka 14 gida uku, suna auna kotisol, sinadarin da ke ƙaruwa a jiki lokacin damuwa. Waɗanda ake ja daidai lokacin da suka taɓa gunkin zomo ba su nuna tashin sinadarin sosai ba, domin sun gane abin da ke jawo musu. Waɗanda ake ja barkatai su suka fi kowa tashi. Ka ga maganar Most ta dawo: lokaci shi ne komai. To mutum nawa ne, cikin fushi, karensa ya tsere, za su danna rimot a daidai daƙiƙar da ta dace?

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Lincoln a Ingila, wanda gwamnati ta ɗauki nauyi, aka wallafa a 2014. Karnuka 63 masu matsalar ƙin amsa kira da bin dabbobi aka raba uku: rukuni ɗaya da abin wuyan a hannun ƙwararrun da masu sana'ar suka zaɓa, na biyu ƙwararrun nan dai amma ba lantarki, na uku masu horo da tukuici. Masu karnukan a dukan rukunan sun ce sun ga ci gaba, amma na lantarki sun fi nuna ɗari-ɗari. Da aka sake nazarin bidiyon a 2020, sai aka ga rukunin tukuici ne suka fi saurin amsa umarni. A shekarar dai wani bincike a Fotugal kan karnuka 92 ya samu cewa waɗanda ake horarwa da tsanani sun fi tara kotisol bayan darasi.

Kada ka ɗauka ɗaya ɓangaren ba su da hujja. A Niyu Zilan ana amfani da abin wuyan wajen hana karnuka kusantar kiwi, tsuntsun ƙasar da ba ya tashi, wanda kare ɗaya kan iya yi wa ɓarna mai yawa. A kudu maso yammacin Amurka ana koya wa karnuka gudun maciji da shi. Kuma a 2024 Anamarie Johnson da Clive Wynne na wata jami'a a Arizona sun ruwaito cewa lantarki ya hana karnuka bin abin da ke gudu cikin ɗan lokaci, alhali hanyoyin abincin da suka gwada ba su hana ba. Masu suka sun ce 'yan kwanakin da aka bayar sun yi wa tukuici kaɗan, kuma karnukan sun yi kuka da aka ja su. Magoya baya kuma suna tambaya: tsakanin zafin daƙiƙa ɗaya da kare ya kashe tumaki a harbe shi, wanne ya fi?

Inda doka ta tsaya

Kotun Jamus ta tabbatar da haramcin na'urar a 2006. Yankin Wales ya haramta a 2010, Holan kuma a 2022. Gwamnatin Ingila ta sanar da niyyar haramtawa tun 2018, amma ranar da aka tsayar a farkon 2024 ta wuce dokar ba ta fara aiki ba. A Amurka halal ne, ko da yake ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin halayya ta ƙasar ta fitar da matsaya a 2021 cewa a riƙa horo da tukuici kaɗai.

In ka tambaye ni, abin da tarihin nan ya nuna shi ne bambancin yana ga kuɗin kuskure. In ka makara wajen miƙa nama, ka yi asarar yanka ɗaya, gobe ka gyara. In ka makara wajen danna rimot, karen na iya ɗora laifin a kan yaron da ke wucewa, ko wani kare, ko kai kanka, kuma tsoro ya fi saurin shiga a kan fita. Ƙwararre na iya rage wannan haɗari, amma na'urar ba ƙwararru kaɗai ke saye ba.

Saboda haka in kana da kare, na gadi ne ko na farauta, fara da abin da ba ya buƙatar batir. Zaɓi kalma ɗaya ta kira. Gwada a tsakar gida inda ba abin da zai ɗauke masa hankali, in ya zo ka biya shi nan take. Sannu a hankali ka ƙara nisa, ka sa doguwar igiya in kun fita waje. Kada ka taɓa kiransa don ka dake shi, domin abin da zai koya shi ne zuwa wajenka haɗari ne. Kuma ka fara tun yana kwikwiyo, ai ba a fafe gora ranar tafiya.