Tarihin Binciken Nasaba ta Takardun Ƙasa da Haraji da Shari'a a Ingila

Binciken nasaba, wato bin salsalar mutum daga uba zuwa kaka har inda shaida ta ƙare, ya dogara a Ingila kan takardu iri uku waɗanda tun asali ba don adana zuriya aka rubuta su ba: takardun mallakar ƙasa, jerin sunayen masu biyan haraji, da kundayen kotu. Dalili kuwa shi ne hukuma ba ta soma rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai ranar 1 ga Yuli, 1837, ƙidayar farko da ta ɗauki sunan kowa an yi ta a 1841, littattafan baftisma da aure da jana'iza da Thomas Cromwell, babban wazirin sarki a lokacin, ya wajabta wa majami'u kuma sun fara ne a 1538, kuma da yawa daga na farko sun salwanta. Saboda haka mai neman kakannin da suka gabaci waɗannan shekaru ba shi da madogara sai abin da mai karɓar haraji da magatakardan kotu suka bari.

Mafi shahara cikin tsofaffin takardun shi ne kundin Domesday, wanda Sarki William na ɗaya ya sa aka tattara a 1086, shekara 20 bayan ya ci ƙasar da yaƙi, domin ya san abin da kowane yanki zai iya ba shi. Kundin ya ambaci wurare fiye da 13,000 da manyan masu riƙe da su, amma manoma adadinsu kawai ya kawo, shi ya sa amfaninsa a fagen nasaba bai wuce gidajen manya ba.

A 1195, zamanin Hubert Walter, babban wakilin Sarki Richard na ɗaya kan shari'a da mulki, aka kafa wata al'ada da ta wanzu har 1833. Mai sayar da ƙasa da mai saye sukan shigar da ƙara ta jeka-na-yi-ka a kotun sarki, sa'an nan su sasanta, a rubuta yarjejeniyar sau uku a kan fata guda, a yanka ta da yanka mai lanƙwasa yadda ba za a iya ƙirƙiro jabu ya dace da 'yan'uwansa ba. Kowane ɓangare ya ɗauki nasa, na ukun da ke ƙasan fatar, wanda ake kira ƙafa, ya zauna a baitulmali. Tun da yake mace tana da haƙƙi a ƙasar mijinta bayan rasuwarsa, sau da yawa akan sa sunanta a matsayin wadda ta yarda da cinikin, kuma ta wannan hanya sunayen mata masu yawa suka tsira.

Talakawa sun fara bayyana sosai ne a kundayen kotunan gandu, waɗanda suka yawaita daga ƙarni na 13. Gandu a nan yanki ne na ƙasa da ke hannun ubangida guda, manoma suna nomansa bisa sharuɗɗan al'ada, kuma yana da ƙaramar kotu. Idan manomi ya rasu, masu rantsuwa daga cikin maƙwabtansa sukan sanar da kotu abin da yake riƙe da shi, da dabbar da za a ba ubangida a matsayin haƙƙin mutuwa, wadda galibi ita ce mafi kyau a garkensa, da sunan magajinsa da dangantakarsu, wani lokaci har da shekarunsa. Magajin yakan biya kuɗin shiga, a ba shi kwafin abin da aka rubuta ya zama shaidarsa, tsarin da ake kira riƙo da kwafi, wanda bai gushe ba sai 1926. A gandun da kundayensa suka tsira, ana iya bin gona guda daga hannu zuwa hannu tsawon ƙarnoni.

Jerin haraji yana nuna wanda ke zaune a wane gari a wace shekara. Harajin dukiya ya riƙa kawo sunayen masu biya har 1332, amma daga 1334 aka yanka wa kowane gari kuɗi a dunƙule, sunaye suka ɓace. Harajin kai na 1377, kwabo 4 a kan duk wanda ya kai shekara 14, da na 1379 da na 1381, sun zo a daidai lokacin da sunan gida ke zama abin gado tsakanin talakawa. Na ƙarshen ya haddasa boren manoma na 1381, inda masu bore suka ƙona kundayen gandu a wurare da dama domin a cikinsu aka rubuta shaidar ƙangin da suke ciki. Harajin murhu na 1662 zuwa 1689, sule 2 a shekara kan kowane murhu, ya bar sunayen magidanta da yawan murhunsu, wanda ke nuna ƙarfin arzikin gida, wasu jerin ma har da matalautan da aka yafe wa.

Kafin ƙarni na 19 nasaba sana'ar masu kula da tambarin gidajen sarauta ce, waɗanda suka zagaya larduna tsakanin 1530 da 1688 suna rubuta salsalar manya, sau da yawa bisa faɗar masu gida. Wata doka ta 1838 ta tara takardun gwamnati a ofishi guda a Landan, masana irin su J. Horace Round kuma suka yi amfani da su wajen rushe salsalolin ƙarya da gidaje suka daɗe suna tinƙaho da su. An kafa Ƙungiyar Masu Binciken Nasaba a 1911, aka buɗe rajistar takardun gandu a 1926, yau kuma takardun gwamnati suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew.

Aikin yana da wuya, domin yawancin kundayen kotu da Latin aka rubuta su har 1733, cike da taƙaitattun kalmomi, kuma suna guda yakan maimaitu a gida ɗaya tsakanin uba da ɗa da ɗan'uwa. Ƙa'idar masana ita ce kada a ɗora nasaba kan takarda ɗaya: jerin haraji ya tabbatar da mazauni, kundin kotu ya faɗi dangantaka, takardar ƙasa ta haɗa tsara da tsara ta hanyar gonar da aka gada. Wanda bai mallaki ƙasa ba, bai kai ga biyan haraji ba, bai kuma taɓa tsayawa gaban kotu ba, shi ne wanda sawunsa ya fi wuyar samu.