Ƙofar Gida da Lafiyar Jiki: Bambancin Maza da Mata Masu Naƙasar Fahimta a Sagnarigu

Naƙasar fahimta daban take da taɓin hankali. Tawaya ce ta koyo da ta iya kula da kai wadda ke bayyana tun ƙuruciya, kuma mai ita yakan girma ya tsufa a tsakar gidan da ya taso. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama, har da gwajin lafiyar da ƙungiyar Special Olympics take yi wa 'yan wasanta tun 1997, ya nuna cewa ƙiba ta fi yawa ga mata masu wannan naƙasa a kan maza, motsa jikinsu kuma ya fi ƙaranci. Wannan maƙala tana ganin cewa a Sagnarigu ta ƙasar Gana, gundumar da aka cire daga Tamale a 2012, tsarin gida ne ya fi halitta yawan kaso a wannan giɓi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci baligi, har da mai naƙasa, ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Namiji yakan kusanci wannan adadi ba tare da an tsara masa ba: ana aikensa kasuwa, yana bin 'yan'uwansa gona, yana hawan keke, da yamma kuma yana filin ƙwallo ko da tsinto ƙwallo ne aikinsa. 'Yar'uwarsa kuwa, da ta balaga sai a ja mata ƙofa, saboda tsoron fyaɗe da ɗaukar ciki. Tsoron nan na gaskiya ne, ba a raina shi, amma jikinta ne ke biyan kuɗinsa.

Za a iya cewa matan Dagomba na wannan yanki ba su san zama ba, tsakanin ɗiban ruwa, daka da tsinto kaɗanya. Haka ne, sai dai yawancin waɗannan ayyuka fita suke buƙata, ita kuwa fitar ce aka hana ta. Abin da ya rage mata shi ne aikin zaune, ɓarar gyaɗa da wanke-wanke a kan kujera 'yar tsugunne. Wasu za su ce halitta ce, tunda namiji ya fi ƙarfin tsoka. Wannan yana bayyana bambancin ƙarfin damƙa, amma bai isa ya bayyana haki bayan gajeriyar tafiya ba, balle kaɗaici.

Gana tana da Dokar Naƙasassu ta 2006, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2012, kuma ana ware musu wani kaso na asusun bai-ɗaya na gundumomi. Makarantar Yumba da ke Tamale tana kula da yara, amma baligar da ta wuce shekarun makaranta gida take komawa. Ya kamata majalisar Sagnarigu ta sa wani ɓangare na kuɗin nan wajen kafa ƙungiyoyin tattaki da wasa na mata a unguwanni, ƙarƙashin kulawar mata waɗanda iyaye suka amince da su.