Ƙarfen da ke mutuwa don wani ya rayu 🧵

1/ Jama'a, bari mu ɗan taɓa tarihin tsatsa. Me ya sa bututun mai ke shekara 40 cikin ruwan gishiri bai ruɓe ba? Ku biyo ni.

2/ A 1823 rundunar ruwan Ingila ta shiga damuwa. Jan ƙarfen da suke lulluɓe gindin jiragensu na katako da shi, teku na cinye shi. Sai suka nemi masani Humphry Davy.

3/ Davy ya gano idan aka liƙa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen, tsatsar kan guntun za ta koma. Shi zai narke, jirgi ya tsira.

4/ Dabara ta yi aiki, sai dai ta ɓullo da wata matsalar. Ashe jan ƙarfen da ke narkewa shi ne gubar da ke korar gansakuka da ƙananan halittun ruwa. Da ya daina, suka lulluɓe jiragen, gudu ya ragu. Rundunar ta watsar.

5/ Sai wajen shekara 100 bayan haka, a 1928, aka ɗauko dabarar don bututun gas a New Orleans. Yau dandamalin haƙar mai na teku cike suke da irin waɗannan guntaye. In sun ƙare ba a sauya ba, ƙarfen ginin ne abinci.

6/ Amma fa wannan kariyar waje ce. Maris 2006, a Prudhoe Bay ta Alaska, bututun BP ya hudo daga ciki. Sama da galan 200,000 na ɗanyen mai ya malale kan ƙanƙara.

7/ Dalili? Laka da ƙwayoyin cuta sun kwanta a ciki, an yi shekaru ba a tura na'urar shara da turawa ke ce wa "alade" ba. A 2007 kamfanin ya amsa laifi, ya biya dala miliyan 20.

8/ Mu dawo gida. Matatar Kaduna tun 1980 take, ɗanyen manta ta bututu aka tsara zai riƙa zuwa daga Neja Delta. Yanzu kuma ga bututun gas na AKK, kilomita 614.

9/ Ranar buɗewa kowa zai zo a yi hoto. Ni dai tambayata, kuɗin dubawa da sharewa na shekara 30 masu zuwa, wa ya ware su? Tsatsa ba ta jiran kasafi.