Me Ya Sa Ake Ce Masa "Mista"?

Idan fitsari ya toshe wa dattijo a Mai Wurno ta Sudan, ko a wani ƙauyen Hausawa na bakin magudanan Jazira, abin kuma ya gagari asibitin kusa, Wad Madani ake dosa, inda asibitin ƙoda yake. A can iyalinsa za su ji ana kiran wanda zai yi aikin "Mista wane", alhali yaran da ke bin bayansa su ne "Dakta".

Laƙabin daga Ingila ya zo. A 1540 aka haɗa wanzaman Landan da masu fiɗa a ƙungiya ɗaya, sai a 1745 suka rabu. Lokacin, mai digirin jami'a ne Dakta. Mai wuƙa a hannun ubangida yake koyo, don haka Mista kawai yake. Da sana'ar ta yi daraja, har ta sami kwalejinta ta sarauta a 1800, sai masu ita suka riƙe tsohon sunan, ya zama abin alfahari. Sudan ta gaje shi tare da tsarin Turawa, wanda ya kafa makarantar likitanci ta Kitchener a Khartoum a 1924. Bahaushen da ya san wanzami da askarsa da ƙahonsa ba zai ga wannan tarihi baƙo ba.

Amma Mista al'ada ce, ba takardar shaida ba. Matakan gaskiya da Larabci suke. Sabon likita ɗan "imtiyaz" ne, mai aiki ƙarƙashin kulawa. Daga nan ya zama "umumi", na kowace cuta. Idan ya ci jarrabawar shiga horo sai a ce "na'ib": shekaru zai yi yana riƙe wa manya, yana rubuta kowace tiyata a littafinsa, ya yi bincike, ya zauna jarrabawar ƙarshe. Hukumar ƙwarewar likitoci ta Sudan, wadda aka kafa a 1995, ita ke shirya wannan, majalisar likitoci kuma ta yi masa rajistar "ikhtisasi". Sama da shi sai "istishari". A ganina, babu rashin kunya idan ɗa ya tambayi matakin wanda zai taɓa mahaifinsa.

Fannin wannan Mistan "masalik bauliyya" ake ce masa, wato hanyoyin bawali, kalmar da malamanmu suka daɗe suna sakaya fitsari da ita. Ya fi "likitan mafitsara" da muke faɗa cika, domin aikin ya haɗa tsakuwar ƙoda, da bututun da ke saukowa daga gare ta, da ƙullin "burustata" mai damun tsofaffi, da gaban namiji. Mai wankin ƙoda likita ne daban, ba ya fiɗa.

Tsargiya kuwa a nan "bilharsiya" ce, daga sunan Theodor Bilharz, Bajamushen da ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Tun da madatsar Sinnar ta fara ba Jazira ruwa a 1925, dodon koɗin da ke ɗauke da ita ya sami mazauni. Yaron da aka bari yana fitsarin jini na iya zuwa hannun Mista da ƙuntataccen bututu ko kansar mafitsara bayan shekaru.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya faɗa kan manyan wuraren horon biyu: Khartoum, sannan Wad Madani, wadda ta kuɓuce wa soja daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025. Na'ibai da yawa sun watse alhali littafinsu bai cika ba.