Shari'ar Sarakunan Yaƙin Jamus

Tun zamanin da, in an ci ƙasa da yaƙi, sarkin yaƙinta ko dai a kashe shi nan take, ko a tsare shi, ko kuwa a yi sulhu ya koma gidansa. Ba a saba gurfanar da shi gaban alƙali ba. An ɗan gwada bayan Yaƙin Duniya na Farko, amma sai aka bar wa Jamus ta yi wa mutanenta shari'a da kanta a birnin Leipzig cikin 1921. 'Yan kaɗan aka hukunta, hukuncin ma ba mai nauyi ba.

Saboda haka da Yaƙin Hitila ya zo ƙarshe cikin 1945, sai Ingila da Amurka da Faransa da Rasha suka ƙulla yarjejeniya a Landan ran 8 ga Agusta, suka kafa majalisar shari'a ta tarayya. Kowace ƙasa ta ba da alƙali ɗaya da mataimakinsa. Aka fara zama a birnin Nuremberg na Jamus ran 20 ga Nuwamba. Mutum 22 aka yi wa shari'a, cikinsu har da manyan hafsoshi biyar, watau Goring na jiragen sama, Raeder da Donitz na jiragen ruwa, sa'an nan Jodl da Keitel.

Maganar Keitel ita ce abin lura. Shi ne shugaban babban ofishin yaƙi, ta hannunsa umurnin Hitila ke bi ya isa ga mayaƙa. Jamusawa kuwa mutane ne masu adana takarda, ba su cika yar da kofe ba, sai ga shi takardun nan sun zama shaidun da ba su mantuwa. Aka kawo wadda ya sa wa hannu ran 16 ga Satumba 1941, mai cewa in an kashe sojan Jamus ɗaya a ƙasar da suka mamaye, a kashe mutum 50 zuwa 100 a madadinsa. Aka kawo ta watan Disamba, mai cewa a kwashe waɗanda a ke tuhuma a ɓoye a kai su Jamus, kada danginsu su ƙara jin ɗuriyarsu. Har wa yau aka kawo wasiƙar wani babban hafsa, Canaris, wanda ya yi kashedi cewa abin da a ke yi wa kamammun sojan Rasha ya saɓa wa ka'idar yaƙi. Keitel ya rubuta a gefenta cewa ya yarda da abin da a ke yi. Kamammun nan wajen miliyan uku suka mutu a hannun Jamus.

Keitel bai yi musun sa hannunsa ba. Hujjarsa ita ce shi soja ne, an umurce shi, ya bi. To, amma yarjejeniyar Landan ta riga ta toshe wannan ƙofa, gama ta ce umurnin na gaba ba ya kuɓutar da mutum, sai dai a duba shi wajen sassauci. Alƙalai suka ce nasa laifin ya wuce sassauci, domin yana sane da abin da ya ke yi. Daidai ne kuwa, don wanda aka yi wa kashedi a rubuce ya amsa a rubuce ya wuce a kira shi ɗan aike.

Duk da haka shari'ar ba ta rasa tabo ba, tun da waɗanda suka ci yaƙin su ne alƙalai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Rasha ta so ta ɗora wa Jamus kisan hafsoshin Folan a dajin Katyn, alhali ita ta yi shi cikin 1940, ba ta kuwa amsa ba sai 1990. Alƙalai dai ba su sa maganar cikin hukunci ba. Da aka tuhumi Donitz da nutsar da jiragen fatake ba gargaɗi, sai Nimitz, sarkin yaƙin ruwa na Amurka, ya shaida cewa haka su ma suka yi wa Japan. Ba a auna hukuncinsa bisa wannan ba, aka ɗaure shi shekara 10.

Ran 1 ga Oktoba 1946 aka yanke wa mutum 12 hukuncin kisa, aka ɗaure 7, aka sallami 3. Keitel da Jodl suka roƙa a harbe su irin na soja, aka ƙi. Goring ya sha guba da daddare, su kuwa aka rataye su ran 16 ga watan.