Yadda Horon SAS Ya Koma Shirin Talabijin

Rundunar SAS ta Birtaniya, wadda David Stirling ya kafa a Masar a 1941, ta daɗe tana aiki a ɓoye. Lamarin ya sauya ranar 5 ga Mayun 1980, lokacin da aka nuna dakarunta kai tsaye, fuska a rufe, suna kutsawa ofishin jakadancin Iran da ke Landan don ceto mutanen da aka yi garkuwa da su. Talabijin ce ta yi mata suna, daga baya kuma ta dawo neman rabonta.

BBC ta fara da "SAS: Are You Tough Enough?" a 2002. A Oktoban 2015 Channel 4 ta fito da "SAS: Who Dares Wins", inda tsofaffin dakaru ke hana fararen hula barci, su ɗora musu kaya, su titsiye su da tambayoyi.

Lokacin fitowarsa abin lura ne. Wata uku kacal kafin nan, binciken kotu ya gano akwai sakaci a mutuwar sojoji uku da zafi ya kashe a tsaunukan Brecon Beacons na Wales a Yulin 2013, suna cikin gwajin shiga rundunar na gaske.